Numfashin Inji: Kamshaf Mai Sauya Lokacin Bawul da Titunan Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje za su yi jahi, idonsa kan tafi ne ga ado da ƙura da ɗaga masu. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne numfashin dokin. Doki idan yana sukuwa ba ya numfashi yadda ya ga dama. Kowane tsalle ɗaya numfashi ɗaya ne: ƙafafun gaba na dira ƙasa iska na fita, suna barin ƙasa iska na shiga. A shekarar 1983 masana halittu biyu na Jami'ar Utah da ke Amurka, Dennis Bramble da David Carrier, suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa dawaki da karnuka da zomaye da mutane suna gudu. Suka tarar numfashin masu ƙafa huɗu a ɗaure yake da takunsu, amma ɗan Adam, da yake a tsaye yake gudu, ƙirjinsa kuma ba ya ɗaukar nauyin dira, yana da damar sauyawa: wani lokaci numfashi ɗaya a taku biyu, wani lokaci a taku uku ko huɗu, gwargwadon bukata.

Injin mota ya yi kusan shekara ɗari yana numfashi irin na doki. Lokacin da zai shaƙi iska da lokacin da zai fitar da hayaƙi a ɗaure suke da juyinsa, ko yana rarrafe a cunkoson Kasuwar Kurmi, ko yana falfala gudu a hanyar Zariya. Daga shekarar 1980 ne aka fara sayar da motocin da injinsu ke iya sauya wannan lokaci yana cikin tafiya. Haruffan nan da ake gani a murfin injin motoci 'yan Kwatano, VVT-i a Toyota da VTEC a Honda, sunayen wannan dabara ne. Ganin haka ya sa wasu masu motoci, musamman matasa, kan tambayi kanikawa ko za a iya cire tsohon kamshaf a sa musu mai sauya lokaci don motar ta ƙara ƙarfin ja. Kafin a amsa wannan tambaya sai an san aikin kamshaf tukuna.

Yadda inji ke numfashi

Fetur ba ya ci sai da iska, kamar yadda abincin da mutum ya ci ba ya zama ƙarfi a jikinsa sai da iskar oksijin. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan aka mayar da wannan zuwa awon lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska lita 9,000 zuwa 10,000. Zuba wa inji ƙarin fetur abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen samar masa iskar da zai ƙona shi da ita. Saboda haka ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da yake iya shaƙa a minti ɗaya.

Kusan dukkan motocin fetur suna aiki ne da tsarin bugu huɗu wanda Nikolaus Otto, mutumin Jamus, ya kammala a shekarar 1876. A bugu na farko fistin yana sauka cikin silinda, bawul ɗin shiga a buɗe, iska da fetur su biyo shi. A na biyu ya hau, dukkan ƙofofi a rufe, ya matse su. A na uku fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta tunkuɗa fistin ƙasa, nan ne kaɗai ake samun ƙarfi. A na huɗu ya sake hawa, bawul ɗin fita a buɗe, ya kori hayaƙi zuwa salansa. Hawa da saukar fistin su ke juya karanshaf, kuma bugu huɗun nan juyi biyu ne na karanshaf.

Bawul ɗin inji ya yi kama da babbar ƙusa mai faffaɗan kai, sifirin mai ƙarfi yana riƙe da shi a rufe. Ɗalibin da ya karanta zuciya zai tuna cewa bawul ɗin zuciya babu mai buɗe shi sai matsin jini: matsi ya fi yawa a bayansa ya buɗe, ya fi yawa a gabansa ya rufe. Na inji ba haka yake ba, tura shi ake yi da ƙarfin tsiya, kuma mai turawar shi ne kamshaf. Kamshaf sandar ƙarfe ce da aka sassaƙa wa tozaye a jere, kowane tozo da bawul ɗinsa. Idan sandar ta juyo, tozo ya danna bawul ya buɗe. Tozo ya wuce, sifirin ya mayar da shi. Tsayin tozo shi ke ƙayyade zurfin buɗewa, faɗinsa shi ke ƙayyade daɗewa, mazauninsa a jikin sandar kuma shi ke ƙayyade lokacin farawa. Sarƙa ko bel mai haƙora ke haɗa kamshaf da karanshaf, ta yadda karanshaf zai juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Wannan haɗi shi kanikawa ke kira tayimin.

Yana da kyau mai karatu ya ɗauki alƙalami a nan. Mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Injin da ke silo, wato yana aiki mota na tsaye, yana juyi kimanin 800 a minti, don haka kowane bawul ɗin shiga yana buɗewa sau 400. Idan tozon yana riƙe bawul a buɗe na digiri 240 daga cikin digiri 360 na juyin karanshaf, kowace shaƙa tana ɗaukar kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa. Idan direba ya taka totur injin ya kai juyi 6,000, bawul ɗin zai buɗe sau 50 a kowace daƙiƙa, shaƙar kuma ta koma kashi ɗaya cikin 150 na daƙiƙa. Tozon bai sauya ba, amma lokacin da aka ba iska ta shiga ya ragu fiye da ninki bakwai.

Iska ma tana da nauyi

Da a ce iska ba ta da nauyi, da babu wata matsala: a buɗe bawul daidai lokacin da fistin ya fara sauka, a rufe daidai lokacin da ya kai ƙasa. To amma tana da shi. Ajin makaranta mai tsawon mita 8, faɗin mita 7, da bisa mita 3, yana ɗauke da iska kimanin kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu ke nan. Duk abin da ke da nauyi kuwa yana da nawar tashi, idan ya tashi kuma yana da wuyar tsayawa.

A ɗauki misalin yara da aka kaɗa wa ƙararrawa suka sheƙo a guje zuwa aji. Ko da ajin ya cika, na baya za su ci gaba da turo na gaba, ɗakin ya ɗauki fiye da abin da ya saba. Mai gadin ƙofa da ke son ya tara yara da yawa a ciki sai ya ɗan jinkirta rufewa. Amma idan yaran tafe suke sannu a hankali, da zarar ɗaki ya cika babu mai tura kowa, kuma idan aka bar ƙofa a buɗe wasu ma za su sulale su koma waje. Haka iska take. A babban gudu tana shigowa da ƙarfi, har fistin ya kai ƙasa ya fara hawa ba ta daina kwararowa ba, don haka riba ce a bar bawul a buɗe digiri 40, 50 ko fiye bayan fistin ya juyo. A ƙaramin gudu wannan jinkiri hasara ne, domin fistin zai mayar da wani ɓangare na abin da ya shaƙa ta inda ya shigo.

Akwai kuma ɗan taƙaitaccen lokaci a ƙarshen bugu na huɗu da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Ana iya kiran wannan lokaci haɗaka. A babban gudu hayaƙin da ke fita a guje yana jawo sabuwar iska a bayansa, silinda ta wanku ta cika. A silo kuwa hayaƙin kan komo ya gauraya da sabuwar iska, wuta ta riƙa kamawa da kyar, injin ya dinga kakkarwa, ɗanyen fetur yana bin salansa.

Ke nan ƙaramin gudu yana son a rufe da wuri, haɗaka kaɗan. Babban gudu yana son a rufe a makare, haɗaka mai yawa. Ba a gudu ana susar takashi, sandar ƙarfe ɗaya kuma ba ta iya biyan bukatun nan biyu. Abin da injiniyoyi suka daɗe suna yi shi ne raba gardama, su sassaƙa tozo matsakaici. Haka injin Peugeot 504 yake, motar da aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975 ta kuma cika tashoshin Arewa: kamshaf ɗaya a cikin gangar injin, sarƙa na jansa, lokacinsa ɗaya tal daga ranar da aka ƙera shi har ranar da aka kai shi wurin 'yan gwangwan.

Wannan raba gardama ya fi ciwo a wuri kamar cikin birnin Kano. Lungunan da ke tsakanin Dala da Jakara da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, an shata su ne don masu tafiya ƙasa da jakuna da dawaki. Motar da ta shiga ta Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mata da rana tsaka, tsakanin A Daidaita Sahu da masu tura baro, tana wuni ne a giya ɗaya da biyu, injinta tsakanin silo da juyi 2,000. Ko a babbar hanya ma, ƙaramar mota da ke gudun kilomita 100 a awa ba ta cika wuce juyi 3,000 ba.

Dabaru iri biyu

Tunanin sauya lokacin bawul ya girmi mota. Jiragen ƙasa masu tururi, irin waɗanda suka fara isowa Kano bayan da dogo ya iso a shekarar 1911, suna da wani hannu da direba ke ja don ya tsawaita ko ya gajarta lokacin shigar tururi cikin silinda: dogon lokaci wajen tashi da kaya, gajere idan tafiya ta miƙa. Mayar da wannan cikin injin fetur mai saurin juyi shi ne ya ɗauki lokaci. Kamfanin Alfa Romeo na Italiya ne ya fara sayar da mota mai wannan dabara, Spider 2000, a shekarar 1980. Honda ta fito da VTEC a 1989, Toyota ta fito da VVT a 1991 sa'an nan VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, BMW kuma ta fito da VANOS a 1992. Sunayen suna da yawa, amma tushensu biyu ne.

Dabara ta farko ita ce murɗa kamshaf gaba ko baya. Ita ce a injin Corolla da Camry da suka cika titunan Kano. A tsohon inji, faifan haƙoran da sarƙa ke ja a ɗaure yake tam da kamshaf. A nan kuwa an raba su. Faifan ya zama gwangwani mai ɗakuna a ciki, bakin kamshaf kuma yana ɗauke da fukafukai, kowane fiffike a tsakiyar ɗakinsa. Idan aka tura baƙin mai ta gefe ɗaya na fukafukan, kamshaf ya ɗan riga faifan. Aka tura ta ɗaya gefen, ya ɗan ja baya. Aka toshe duka biyun, ya tsaya inda yake. Iyakar murɗawar digiri 40 zuwa 60 ne na juyin karanshaf, gwargwadon injin. Mai raba man wani ɗan famfo ne na lantarki, mai ba shi umarni kuma kwamfutar motar ce. Ita kwamfutar tana samun labari daga na'urorin ji da ke gaya mata saurin karanshaf, matsayin kamshaf, yawan iskar da ke shiga, zurfin taka totur, da zafin ruwan inji. Aikinta ya yi kama da na gindin ƙwaƙwalwar mutum, inda ake lura da yawan iskar kabon-dayoksaid a jini a ƙara ko a rage numfashi ba tare da mutum ya sani ba.

A silo kwamfuta tana mayar da kamshaf ɗin shiga baya, haɗaka ta ragu, injin ya natsu. A matsakaicin gudu tana kawo shi gaba, bawul ya rufe da wuri, motar ta sami ƙarfin ja. Idan totur ba a take yake sosai ba, haɗakar da ta ƙaru tana barin ɗan hayaƙi ya saura a silinda da gangan, wanda ke rage zafin wuta, ya rage gurɓatacciyar iska mai sinadarin naitirojin da ke cutar da huhu, ya kuma rage wahalar da fistin ke sha wajen zuƙo iska. A babban gudu sai ta sake mayar da shi baya don a rufe a makare. Sai dai a lura, tozon bai sauya siffa ba. Idan buɗewa ta matso gaba, rufewa ma ta matso da ita.

Dabara ta biyu ita ce sauya tozon kansa, kuma ita ce asalin VTEC, wadda injiniya Ikuo Kajitani ya jagoranci ƙirƙirarta. Kowane bawul biyu suna da tozo uku: ƙanana biyu a gefe, babba ɗaya a tsakiya, kowanne da hannun da yake dannawa. A ƙaramin gudu hannun tsakiya lilo kawai yake yi, ba ya taɓa komai. Idan injin ya kai wani juyi, sai matsin baƙin mai ya tura wani ɗan sakata ya kulle hannuwan uku wuri ɗaya, bawul biyun su koma bin babban tozo, su buɗe da zurfi su kuma daɗe. Da wannan ne injin B16A na Honda Integra ta 1989, mai lita 1.6 kacal, ya ba da ƙarfin doki 160 a juyi 7,600, wato doki 100 a kowace lita. Amma sakatan ba ya shiga sai wajen juyi 5,500. Mai irin wannan mota zai iya shekara yana zirga-zirga tsakanin Mandawari da Ƙofar Nasarawa babban tozon bai taɓa yi masa aiki ba.

Daga baya Honda ta juya dabarar zuwa tattalin mai. A injinan Accord da yawa, a ƙaramin gudu bawul ɗaya na shiga ne ke buɗewa sosai, ɗayan ɗan kaɗan, don iska ta shiga tana juyawa ta gauraya da fetur da kyau. Gudu ya ƙaru sai su buɗe tare. Wasu daga cikin waɗanda ake rubuta wa i-VTEC sun haɗa dabarun biyu, murɗawa da sauya tozo. Toyota Prius, wadda ta fito a 1997, ita kuma da gangan take jinkirta rufe bawul ɗin shiga ƙwarai don ta rage shan mai, injin lantarki ya cike mata gurbin ƙarfin da ta rasa.

Za a iya sa wa tsohuwar mota?

Kamshaf mai sauya lokaci gaɓa ce ɗaya a cikin jiki guda, ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar hanyoyin mai da aka huda a cikin kan injin tun daga masana'anta, da mazaunin famfon lantarki, da na'urorin jin matsayin kamshaf da karanshaf, da wayoyi, da kwamfutar da aka tsara wa wannan injin musamman. Injin 504, ko duk wani mai kafireto, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya je Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyara na Beljiyam, ya sayo kamshaf da faifansa kawai, ƙarfe ya sayo. Ko da an yi dabara ya zauna, kuskuren haƙori biyu ko uku a tayimin ya isa, a injina da yawa, ya sa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi.

Akwai inda abin ke yiwuwa. Wasu injinan 'yan gida ɗaya ne, an ƙera wani da dabarar wani babu, kamar injin 1ZZ-FE na Corolla wanda aka ƙara wa VVT-i a shekarar 2000, ko wasu injinan Honda Civic. A irin wannan hali ana iya sauya kan injin ɗungurungum, wanda kanikawa ke kira tof-silinda, ko kuma, abin da ya fi sauƙi ya kuma fi aminci, a sauya injin baki ɗaya tare da wayoyinsa da kwamfutarsa. Aiki ne na bakanike da mai gyaran lantarki tare, kuma a motocin da makullinsu ke ɗauke da lambar sirri sai an daidaita shi da sabuwar kwamfutar kafin motar ta tashi. Ribar da za a samu 'yan kashi kaɗan ce cikin ɗari, a ƙarfin ja da kuma tattalin mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi cikin 'yan kwanaki daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kashi kaɗan ɗin nan ba abin rainawa ba ne ga mai kabu-kabu. Amma duk wanda ya auna shi da kuɗin inji da kwamfuta da ladan aiki zai ga cewa ga mafi yawan mutane jaki bai kai kuɗin akumarinsa ba, sai fa idan da ma tsohon injin ya mutu za a sauya shi.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne kamshaf ɗin tsere, wanda wasu ke rikita shi da mai sauya lokaci. Shi sanda ce mai manyan tozaye, lokacinta ɗaya, an sassaƙa ta don babban gudu kaɗai. A cikin gari motar za ta rasa silo, ta riƙa mutuwa a cunkoso, ta ƙara shan mai, ta cinye kuloci. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Taimakon da ke sa birkin mota laushi yana fitowa ne daga zuƙar da injin ke yi idan totur a sake yake. Haɗaka mai yawa tana raunana wannan zuƙa, birki ya yi tauri, a lungun da yaro zai iya fitowa daga soro a guje ba tare da ya duba ba.

Kada kuma a manta da iskar Kano kanta. Birnin yana bisa teku da kimanin mita 480, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Tsayi yana rage nauyin iska, zafi ma haka, su biyun su rage mata fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka gwada da iskar bakin teku mai digiri 20. Injin da ba shi da na'urar cusa iska zai rasa ƙarfi kusan gwargwadon haka, kuma babu kamshaf ɗin da zai mayar masa da iskar da babu ita. Direban da ke kukan motarsa ta yi nauyi da bazara, sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Baƙin mai

Mafi yawan ƙananan motocin Japan da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 da dabarar suka zo. Matsalar da ta fi yawa a garejin Kano ita ce tana nan amma ta daina aiki, mai motar kuma bai sani ba, domin injin ba ya mutuwa. Kamshaf ɗin maƙalewa yake yi a wuri ɗaya, motar ta koma numfashin doki, ta yi nauyi wajen tashi, ta ƙara shan mai.

A tsohon inji aikin baƙin mai shi ne sulɓi da sanyaya. A sabon inji an ƙara masa aiki na uku, shi ne hannun da ke murɗa kamshaf da tura sakata. Hanyoyin da yake bi ƙanana ne, kuma kafin famfon lantarki akwai wata 'yar rariya da ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Kamar yadda kitse ke taruwa a jijiyar jini ya ƙuntata ta a hankali, haka dattin tsohon mai ke toshe wannan rariya. Yanayin Kano kuwa yana tsufar da mai da wuri. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele da ke Chadi, laushinta ya kai ta ratsa tsohuwar filtar iska. Tsayuwa a cunkoso tana dafa mai ba tare da ma'aunin kilomita ya motsa ba, don haka mai lissafin juye da kilomita kaɗai yana ruɗin kansa. Gajerun tafiye-tafiye kuma, daga gida zuwa kasuwa, ba sa barin injin ya yi zafin da zai kori danshi da ɗanyen fetur daga cikin man. Kamfanonin mota suna da jadawali na daban don irin wannan wahala, wanda galibi ke rage tazarar juye zuwa wajen kilomita 5,000.

Sai batun kauri. Al'adar da aka gada daga zamanin 504 ita ce mai mai kauri shi ne mai kyau, shi ya sa ake zuba 20W-50 a kowace mota. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna kaurin man idan yana da sanyi, ta bayan kuma kaurinsa idan injin ya yi zafi. Corolla ta 2003 da aka ƙera don kasuwar Amurka 5W-30 aka rubuta mata, Accord ta wannan shekara kuma 5W-20. Gaskiya ne littattafan wasu motocin da aka yi don ƙasashe masu zafi sun yarda da mai mai ɗan kauri, don haka littafin motar, ko abin da aka rubuta a murfin zuba mai, shi ne alƙali. Mai kauri fiye da ƙima yana nawar isa faifan kamshaf, musamman da asubahin hunturu lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Wanda ya fi shi illa shi ne man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, da kuma barin mai ya yi ƙasa da alamar sandar awo.

Al'ada ta biyu ita ce cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama, wai don ƙasarmu da zafi. Kwamfutar ba ta sakin dabarar sosai sai ta ji ruwa ya kai zafin aiki. VTEC ma sam ba ya shiga idan injin da sanyi. Injin da aka cire wa tamostat yana daɗewa bai kai wannan zafi ba, kwamfuta kuma ta ci gaba da zuba masa ƙarin fetur kamar yanzu aka tayar da shi.

Alamun cutar ba su da wuyar ganewa. Akwai ƙarar kwaram-kwaram ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan aka tayar da mota da safe, wadda ke nuna cewa sakatan da ke kulle faifan kamshaf kafin mai ya iso ya ci. Akwai kakkarwa a silo, da nauyi wajen tashi daga tsaye. Akwai kuma fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kan allon direba, wadda wasu ke sa a cire mata ƙwai don kada ta dame su ko ta rage wa motar kuɗi wajen sayarwa. Tun shekarar 1996 kowace mota da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta kwamfuta, kuma masu wannan na'ura sun yawaita a Kano. Lambobi daga P0010 zuwa P0014 duk suna nuni ne ga wannan gaɓa. Tsofaffin Toyota kan nuna P1349, Honda kuma P1259 ko P2646. Bakanike mai hankali idan ya ga ɗayansu yakan fara da mafi arha: ya duba yawan mai da launinsa, ya ciro 'yar rariyar ya wanke, ya gwada famfon lantarki da batir ya ji ko yana motsi, ya juye mai ya sa filta sabuwa. Sai waɗannan sun gaza ake maganar buɗe murfin sarƙa.